Babi na Biyar: Marayan da Ke Koya wa Zane Tafiya

Idan aka yi addu'ar bakwai, 'yan zaman makoki suka watse, sai manyan gida su koma zaure su zauna a kan maganar yara. Wannan ya ɗauki babban, wancan ya ɗauki mai bi masa, ƙaramar ta zauna wurin uwarta har ta fita takaba. A lissafa ci da sha da sutura da kuɗin makaranta. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san nauyin da ke cikinsa, kuma ya san zumunci bai mutu ba a ƙasar nan. Sai dai akwai abin da ba ya shiga lissafin, domin wanda ya san shi, shi aka kai makwanci. Uban ne ya san yaron nan ba ya barin farar takarda a gida. Shi ne yake dawowa daga kasuwa da fensir a aljihu ba tare da an roƙe shi ba, shi ne yake ƙyalƙyala dariya idan ya ga an zana shi da ƙaton tumbi a bayan kalanda. Dangi za su maye gurbin mai ciyarwa gwargwadon iko. Gurbin mai kallon zanen kuwa yakan zauna fayau, ba wanda ya ma lura akwai shi.

Baffan da ya ɗauki yaron ba mugu ba ne. Yana da nasa 'ya'yan, ga tsadar rayuwa, ga idon jama'a a kansa. Abin da ya fi tsoro shi ne a wayi gari a ce ɗan ɗan'uwansa ya lalace a hannunsa. Saboda haka yakan zaɓar wa maraya hanyar da ba wanda zai zarge shi a kanta: ɗinki, gyaran waya, zaman shago, abin da zai fara kawo na cefane cikin shekara guda. Wata rana zai tarar da yaron a durƙushe yana zane, ya ce, "Kai, wannan shirmen ba zai ba ka tuwo ba. Gobe ka shirya in kai ka wurin mai gyaran waya." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa."

Wannan "To, Baffa" ita ce ta sa na rubuta babin nan. Ɗan da ubansa ke raye zai tura baki, zai zagaya wurin uwa ta sa baki, zai ɓoye takardunsa ya ci gaba, domin ya san ko an yi masa faɗa gidan ubansa ne. Ɗan riƙo ba shi da wannan ƙarfin gwiwa. Ya san a alfarma yake zaune, ko da ba a taɓa faɗa masa ba. Da wuya ya yi musu, kuma shirunsa sai a ɗauka yarda ce. Ta haka baiwa ke mutuwa a gidajen mutanen kirki, ba duka ba zagi.

Kafin mariƙi ya yanke hukunci, ya kamata ya san mene ne ma wannan aiki da yaron ya ƙwallafa rai a kai. Fim yana gudu ne da hotuna 24 a kowane sakan. Masu zane da hannu sukan sauƙaƙa wa kansu, su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, sai ya zama zane 12 a sakan ɗaya. Minti guda ke nan zane 720. Katun ɗin da yara ke kallo suna tuntsira dariya na minti biyar, idan da hannu aka yi shi ta wannan hanya, zane 3,600 ne, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa.

Karɓi littafin rubutun yaron ka duba kusurwar ƙasa. A shafin farko ya zana ƙwallo a sama. A na biyu ta ɗan sauko kaɗan, a na uku ta ƙara. Can sama zanen kusa da kusa suke, amma da ta fara gangarowa sai tazarar ta yi ta faɗi, ƙwallon kuma ta ɗan miƙe kamar ƙwai. A shafin da ta taɓa ƙasa sai ka ga ya baje ta. Ka kama gefen littafin da babban yatsa ka saki shafukan, sai ga ƙwallo ta faɗo da nauyinta, ta doki ƙasa, ta yi sama, ta ɗan dakata kafin ta sake dawowa. Ba wanda ya gaya wa yaron cewa abu mai faɗowa gudunsa ƙaruwa yake yi. Idonsa ne ya gani, hannunsa ya bi. Wannan miƙewa da bajewa ita ce ta farko a ƙa'idoji 12 da wasu tsofaffin masu zanen kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981, kuma har yau da ƙwallon nan ake fara koyar da ɗalibai a makarantun wannan fanni. Yaron da ya gano ta shi kaɗai a bayan aji, ba shirme yake yi ba.

Amma ba duk mai son katun ne mai baiwa ba, kuma ba duk mai baiwa ne zai jure ba. Alƙur'ani, a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, ya umarci mariƙa su riƙa jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, har a ga hankali da shiriya a tare da su. Ina ganin wannan tsari ya dace da baiwa ma. Maimakon a hana kai tsaye ko a yarda kai tsaye, a gwada. Ka saya masa takarda da fensir, ka ce ka ba shi wata ɗaya ya kawo maka sakan goma: akuya tana tafiya, ko mace tana daka. Zane 120 ke nan. Mai sha'awar wucin gadi zai gaji a zane na talatin. Wanda abin ke cikin jininsa zai kawo maka aikin, ya kuma nuna maka da kansa inda ƙafar akuyar ta zame, ya ce zai sake. Ba kyan zanen za ka duba ba. Duba ko ya gama, da kuma ko yana ganin kuskurensa.

Wanda yake ganin wannan sana'ar Turawa ce da ba ta da gindi a ƙasarmu, ya nemi labarin Mustafa Alasan na Nijar, wanda a littattafan Faransanci ake rubuta sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942. Kanikanci ya koya. Tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe kyamara, yakan yanka siffofi ya haska su da fitila ya tara mutane suna kallon inuwa tana motsi. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fina-finai, wanda ya ga abin da ke hannun saurayin ya buɗe masa ƙofa. Daga nan ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke aiki, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya a lokacin. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim ne a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, da faretin sojoji da duk wani tsarabe-tsaraben mulki. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, ga ɗan Nijar yana yi wa sababbin shugabannin Afirka shaguɓe da kwaɗi. Daga baya ya yi Kokoa, inda ya sa dabbobi suka shiga fagen kokawa irin tamu, da makaɗa da 'yan kallo. Ya zauna a Tawa yana aiki da abin da ya samu a hannu har tsufansa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka baƙar fata. Abin da nake so mariƙi ya lura da shi a labarin nan shi ne baiwar tana nan tun yana wasa da fitila, amma sai da wani babba ya tsaya ya kalla ya ce zo nan.

Yau kayan aikin sun fi na zamanin Alasan sauƙi nesa ba kusa ba. Mafari bai wuce kwali da gilashi da tocila ba. A yanke saman kwalin, a ɗora gilashin tsohuwar taga, a kunna tocila a ciki. Idan ya ɗora sabuwar takarda a kan tsohon zane, hasken zai nuna masa na ƙasa, sai ya san inda zai matsar da hannu ko ƙafa. Ya huda ramuka biyu a saman kowace takarda, ya zura su a ƙusoshi biyu don kada su goce. In ya gama, a ɗaure waya da kyauro a jikin sanda tana kallon ƙasa, ya riƙa ɗaukar zanen ɗaya bayan ɗaya, manhaja irin Stop Motion Studio ta jera masa su. Akwai kuma FlipaClip da ake zane a cikinta da yatsa a kan waya. A kwamfuta akwai Pencil2D da Krita da OpenToonz da Blender, dukkansu kyauta ne, ba sata ba, haka masu su suka sake su.

Kada kalmar kyauta ta sa a raina su. A 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, wanda babu maganar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, ya ci kyautar Oscar ta fim mai zane, ya kayar da na manyan kamfanonin Amurka. Da Blender aka yi shi. Mai shirya shi, Gints Zilbalodis, tun yana matashi ya fara, kuma dogon fim ɗinsa na farko, Away, na 2019, shi kaɗai ya yi shi. A nan kusa, a Kaduna, wasu samari da suka kira kansu The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun fina-finan almarar kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya, bayan sun koyi dabarun daga darussan YouTube. A 2020 J.J. Abrams, daraktan da ya yi wasu daga fina-finan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. Aikin ne ya riga, kayan suka biyo baya.

Shi ya sa ba na goyon bayan a fara da sayen kwamfuta mai tsada. Na san zuciya takan raya wa mai tausayi ya yi wa maraya babbar kyauta lokaci guda, ya huta. Amma kwamfutar da ta zo kafin haƙuri ya zauna takan koma ta kallon bidiyo. A bar shi ya cinye takarda tukuna, ya ƙure wayar, har ya zo da kansa ya ce ga abin da yake son yi, ga inda wayar ta gaza. A lokacin ko ta gwanjo aka saya masa zai san darajarta. Kuma kafin kwamfuta a yi tunanin wuta da data, domin su ne ke cin kuɗi a hankali. Ƙaramar sola da za ta riƙe caji da fitila ɗaya ta fi masa amfani fiye da na'ura mai ƙarfi da ke kwance babu wuta.

Idan yaron yana da gado, tambaya za ta taso ko a taɓa shi don wannan. Shari'a ta ba mariƙi damar kashe dukiyar maraya a kan maslahar marayan, kuma koyon sana'a maslaha ce. Sai dai a yi shi a fili. A sanar da uwarsa da wani babba a dangi, a rubuta abin da aka saya da ranar da aka saya, a ajiye rasit. Kuma abin da aka saya da kuɗinsa nasa ne. Ba kwamfutar gida ba ce da babban ɗan mai gida zai ɗauka ya tafi da ita jami'a.

Abin da ya fi kayan aiki wuyar samu shi ne lokaci. A gidaje da yawa ɗan riƙo shi ne ɗan aike. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai niƙa, shi ne sayo kati, kuma da an ga ya zauna da fensir sai a ɗauka zaman banza yake yi. Zane mai motsi kuwa ba ya son a katse shi. Wanda aka tasa a zane na arba'in, in ya dawo sai ya sake neman zaren motsin daga farko. Idan mai gida ya buɗe baki a gaban kowa ya ce daga La'asar zuwa Magariba kada a aiki wane, aiki yake yi, ya ba shi abin da kuɗi ba ya saya, kuma ya ɗaga darajarsa a idon sauran yaran. Ga yarinya marainiya abin ya ninka. Wanke-wanke da raino da girki ba sa ƙarewa, ga maganar aure da ke saurin tasowa a kan marainiya fiye da 'yar gida. Alhali wannan sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta, ko a gidan uba ko a gidan miji, kuma hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ba baƙon layi ba ne. Supa Team 4, jerin katun na Netflix da ya fito a 2023, wata 'yar Zambiya ce, Malenga Mulendema, ta ƙirƙiro shi.

Sai maganar da wani mariƙin ke riƙe da ita a zuci ko bai furta ba, wato hukuncin zanen abu mai rai. Wannan ba abin yi wa dariya ba ne, hadisai sun zo da gargaɗi a kan masu yin sura, kuma mutumin da ke tsoron jefa amanar ɗan'uwansa cikin zunubi ya cancanci a saurare shi. Malamai sun yi saɓani. Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a cikinta, ta bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda ta haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba ta kai shi matsayin haram ba, ta kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata bisa abin da aka ruwaito daga Nana A'isha. Wasu malaman sun fi tsanantawa. A Malesiya, ƙasar Musulmi, katun ɗin Upin & Ipin ya fara ne a 2007 a matsayin shirin watan Ramadan don koya wa yara azumi. Shawarata ita ce kada a yanke wa yaro hukunci da "an ce". Ka ɗauke shi da aikinsa ku je wurin malamin da ka amince da iliminsa, a nuna masa ainihin abin da ake yi, a yi tambaya dalla-dalla. Ko amsar ta zo da tsanani, fagen bai rufe ba. Ana motsa haruffa da lambobi da taswira da injuna, ana nuna yadda ruwa ke hawa tanki ko yadda ake raba gado, kuma masu talla da makarantu da asibitoci suna neman irin wannan aiki.

Makaranta kuwa ba a ajiye ta. Wanda ya ce wa yaro baiwarsa ta isar masa ya bar aji, ya cuce shi. Darussan da zai koya a intanet galibinsu da Turanci ko Faransanci suke, lissafi na jiransa a cikin Blender, kuma takardar WAEC ko NECO ita ce za ta kai shi sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Kuma a gaya masa gaskiya game da kasuwa. Tana nan tana tasowa: Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja don yaran Afirka su ga masu kama da su a talabijin, a 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters a sinimomin Najeriya, a 2024 kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba. Amma kuɗin ba ya zuwa da wuri, kuma yawancin masu wannan aiki da tallace-tallace da ƙananan kwangiloli suke rufa wa kansu asiri. Ba laifi ya koyi gyaran wayar ma da safe. Laifin shi ne a ce sai dai ɗaya.

Akwai gudummawar da gida zai bayar wadda babu makarantar da ke da ita. Yaron da ya tashi da katun ɗin Japan da Amurka, su zai fara kwaikwayo, manyan idanu da gashi tsaye, kuma wannan mataki ne da kowa ke bi. Amma Gizo da Ƙoƙi suna nan ba a taɓa su ba sai kaɗan, ga Botorami, ga kura da wautarta, ga 'yan tashe, ga hawan sallah. Gwaggon da ta iya tatsuniya ta zauna ta ba shi ɗaya yana naɗa a waya, ƙannensa su yi muryoyin, ya zana a kan sautin. Wata rana kuma za ka ga ya zana wani mutum da hula irin ta marigayi, yana tafiya irin tafiyarsa, da ɗan karkata kafaɗar nan da kowa ya san shi da ita. Kada a ce masa ya daina tuna baya. Ka kalla, in ka gane ɗan'uwanka ka ce ka gane shi. Yara da yawa ba su da bakin faɗar abin da ke cin su, wannan yana da hannu.

Idan aikin ya fara kyau, wata jarrabawar ke tafe, kuma ta mariƙi ce. Za a so a ɗauki yaron a bidiyo a watsa a Facebook da TikTok, a rubuta "maraya mai baiwa, a taimaka masa". Wataƙila a samu kuɗi. Amma an sayar da maraicinsa ne ba zanensa ba, kuma bidiyon zai bi shi har girmansa, abokan karatunsa su gani, wadda zai aura ta gani. A nuna aikin da sunansa, a bar aikin ya ja mutane. Masu cewa ya yi musu talla kyauta don "a san shi" su ma za su zo, kuma ɗan shekara 15 da ya saba cewa "to" ba zai iya ce musu a'a ba. Kai ne za ka tsaya ka yi ciniki a madadinsa. YouTube ba ya biyan wanda bai kai shekara 18 ba kai tsaye, sai ta asusun babba, don haka duk abin da ya shigo ta sunanka zai shigo. Kuɗin maraya ne, hukuncinsu ɗaya da gadonsa. A rubuta su a littafi guda da rasit ɗin kwamfutar, ranar da ya kai munzali a miƙa masa littafin da lambobin sirrin shafukansa gaba ɗaya.

Yana kuma yiwuwa bayan shekara uku ya zo ya ce ya fasa, aikin jinya yake so ko kasuwanci. Matasa suna canzawa, na gida da na riƙo. Ɗan cikinka idan ya yi haka za ka yi faɗa na kwana biyu ka manta. Shi ma haka ya kamata a yi masa, ba tare da an lissafa masa takardu da data da solar da aka saya ba, ba kuma a gaban baƙi ana cewa ai mun yi masa komai ya watsar. Idan ana tsoron gori zai biyo baya, yaro mai hankali tun farko ba zai yarda ya nuna abin da yake so ba, kuma ƙannensa da ke kallo su ma za su ɓoye nasu.